Igiyar Awo a Gonar Baba Kalla

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da alli, kuma yawancin kwanakin sun cakuɗe mini, ba na iya raba wannan da wancan. Amma ranar da na sauke yara arba'in da biyu a bakin gonar Baba Kalla, ita kam har yau tana nan daram a raina. Tunda ku sababbin malamai kun matsa in faɗa muku wani abu kafin in ajiye aiki, ita zan ba ku. Kada ku sa ran jin bajinta. Kuskurena ne, kuma wani ne ya ɗauki nauyinsa.

Lokacin ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wani kolej da ke Zango, nan cikin Damagaram. Ajin da ke hannuna turwaziyam ne, wato ajin ƙarshe na kolej, masu shirin jarrabawar birbe. Yara ne masu kai, ƴaƴan ƴan kasuwa da dukawa da ma'aikata, sai dai duniyarsu ba ta wuce Zango da Birni ba. Wata rana ina bayani kan noma, na zana zangarniyar gero da ta dawa a tablo, wato allon aji, na ce a nuna mini wacce ce wacce. Rabin aji suka kasa bambance su. Yaran da kullum da tuwon gero suke kwana! Wani mai suna Sanusi, sarkin surutun ajin, ya ɗaga hannu, ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami, ya ce, "Mushe, wannan ai tambayar ƙauyawa ce." Aji ya kwashe da dariya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A take na ƙudurta sai na fitar da su daga gari sun taka ƙasar da ke ciyar da su. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne ni kaina ɗan birni ne. A Birni aka yanke mini cibiya, mahaifina baduku ne, kuma duk abin da na sani game da gona a littafi na karanta shi. Ina ganin jahilcin yaran, ban ga nawa ba.

Ga waɗanda ba su taɓa shirya irin wannan fita ba, ga yadda ake yi. Malami zai rubuta wa darakta buƙata, ya faɗi inda za a je da darasin da za a koya. Darakta ya sa hannu ya aika wa sufeton makarantu. Kwamitin iyaye ya zauna ya amince, kowane yaro kuma ya kawo takardar yardar mahaifinsa. Bayan haka a nemi izinin meri, wato ofishin magajin komin, ƙaramar hukumar da za a shiga. A ƙarshe a ba ka takardar izinin tafiya mai hatimi, wadda za ka nuna wa jandarma a shinge. Wata biyu na yi ina bin waɗannan takardu ofis-ofis, har takalmina ya gaji. Da suka cika na sa su a jaka ina jin kamar ba abin da ya rage a duniya.

Wani ƙauye muka zaɓa a komin Guna, ba zan faɗi sunansa ba. Sakataren meri ne ya ce can ake da gawo mai yawa a gonaki. Darasi biyu na shirya: amfanin itace a gona, sannan yadda ake auna fili a fitar da hekta. Don na biyun na aro igiyar awo, wadda muke ce wa dekamet, na kuma sa aka fere mini turaku huɗu aka shafa musu jan fenti don a riƙa hango su daga nesa.

Ranar wata Asabar cikin watan biyar muka tashi da sassafe. An gama sharar gonaki, kowa ido na sama ana jiran ruwan shuka. Da muka isa na nemi mai gari, aka ce ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, sai bayan azahar. Rana ta fara zafi, yara na ta tsalle a cikin kar, babbar motar da ta ɗauko mu, sofer mai tuƙa ta yana duba agogo. Na ce a raina, ina da hannun sufeto da na meri, me zan jira? Na bar sallahu a ƙofar gida, muka bi hanya har muka ga gonar da ta fi kowacce inuwa.

Wani tsoho siriri ne a ciki, yana watsa taki daga kwando. Shi ne Baba Kalla. Da ya ji daga lakwal muke, wato makarantar boko, kuma daga birni, fuskarsa ta washe. Ya ajiye kwando, ya aika gida aka kawo ƙwarya biyu na fura da tulun ruwa, ya zaunar da mu ƙarƙashin babban gawo.

Ku ji ni da kyau, abin da tsohon nan ya koya wa yaran cikin awa guda, ni ban koya musu ba a wata tara. Ya nuna musu yadda gawo ke zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke yin sabo, shi ya sa ba ya tare wa hatsi rana. Ya haƙa ƙasa da hannu a gindin itacen, ya haƙa a fili, ya ce su shinshina su ga bambanci. Ya nuna musu ƙananan tsiron da yake tsallakewa in yana sassabe, ya ce kowane itace da suke gani a gonar, sai biyu, shi ya raine shi tun yana kamar ɗan yatsa. Yara suka kasa kunne, bik, wato biro, sai gudu yake a kan kaye, littafin rubutunsu. Sanusi ya ce zai gwada ɗaukar kwandon taki, ya yi taku biyar ya zube da shi. Baba Kalla ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ɗan birni, ka bari ka ƙara cin tuwo tukuna."

Da ma a nan na tsaya.

Na fito da igiya da jajayen turaku, na raba yara gida huɗu. Sai wata yarinya mai suna Fanna, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta matso kusa da ni. Mahaifiyarta ƴar wani ƙauye ce wajen Zermu, can take zuwa hutu. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Mushe, na tambayi Baba, ya ce gonar ba tasa ba ce, aro ce. A garin kakannina ba a jan igiya a gona sai an kira mai ita."

Na ce, "Madmazel, mu ba saye muka zo yi ba. Awo ne na darasi. Koma cikin ƴan'uwanki."

Ta koma. Na juya wurin tsohon na ce, "Baba, za mu ɗan auna gonar, yara su koyi lissafi." Ya dubi turakun, ya dubi jakata mai takardu, ya dubi hanya. Sannan ya ce, "To, Malam." Ni da hannuna na miƙa masa bakin igiyar na ce ya riƙe mana a kusurwa, tunda shi ya san iyaka. Ya riƙe. Muka bi layin gamba da ya raba gonar da ta maƙwabta, muna kafa turke, ina faɗin lamba da ƙarfi, yara na rubutawa. Na lura wasu mutane a kan amalanke sun tsaya a hanya suna kallonmu, ba su yi sallama ba, suka wuce. Na ɗauka sha'awa ce. Kafin azahar muka tattara muka koma gida, yara na waƙa, ni kuwa ina ta yaba wa kaina.

Ranar Talata ina tsakiyar darasi aka ce ina da baƙo. Na fito na tarar da Baba Kalla zaune a gindin dogon yaro, ya cire takalmi ya ajiye gefe. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har ya tambayi yaran. Sannan ya ce, "Malam, wata ƴar magana ce ta kawo ni. An ce in fita daga gonar."

A nan ne, ina tsugune a gabansa da alli a yatsuna, na koyi abin da kowane yaron ƙauye ya sani. A wurinsu abu biyu ke sa a ja igiya a gona: rabon gado ko ciniki. Gonar ta gidan wani ce mai suna Malam Ari. Mahaifin Ari ne ya ara wa mahaifin Kalla, kuma tun daga lokacin duk kaka ana kai dami ɗaya gidan Ari, don kowa ya tuna ta wane ce. Yanzu an ga mutanen birni da mota da takardu da jajayen turaku, an ga Kalla da kansa riƙe da bakin igiya, a ranar da mai gari ba ya nan. Kafin magariba labari ya gama gari cewa Kalla ya sayar da gonar aro a ɓoye. Ba shi da wata gona sai ita, kuma mutum tara ke ci daga cikinta.

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Baƙo ya zo da yara, sun sha furata, in ƙi shi a gaban almajiransa? Kuma na ga kana da takardar gwamnati."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na shiga wurin darakta na zayyana masa komai. Mutumin kirki ne, amma ɗan ofis. Ya duba fayil ya ce, "Mushe Laminu, takardunka sun cika, lakwal ba ta da laifi. Zan rubuta wasiƙa in buga hatimi, a kai wa mai gari." Na fito da wasiƙar ina murna, na karanta wa tsohon. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam, kada ka ƙara mini wata takarda. In suka ga hatimi za su ce ita ce takardar cinikin. Bakin da ya faɗi lambar a gona, shi nake so ya zo ya yi magana."

Na koma aji na tsaya a gaban tablo. Ban taɓa cewa na yi kuskure a gaban ɗalibai ba sai ranar. Na faɗa musu duka, har da gargaɗin da Fanna ta yi mini na ƙi ji. Na ce Asabar zan koma. Sanusi ya miƙe ya ce, "Mushe, ai tare muka ja igiyar." Kowa ya ce zai je. Darakta ya yarda da takwas, bayan iyayensu sun sake sa hannu. Na karɓi kaye na duk ajin na cika buhu da su.

A zauren mai gari aka zauna. Mai gari a kan buzu, liman a damansa, Malam Ari da manyan ƴaƴansa uku a gefe, Baba Kalla shi kaɗai a ɗaya gefen, jama'a sun toshe ƙofa. Malam Ari ba irin mutumin da na zana a raina ba ne. Tsoho ne mai sanyin murya, rigarsa ba ta fi ta Kalla ba. Na tsuguna na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne na shigo garinka ban jira ka ba, kuma ni ne na ja igiya ban tambayi mai gona ba. Laifin nawa ne." Na yi bayanin darasi iya iyawata.

Babban ɗan Ari ya ce, "Duk wanda aka kama haka zai faɗa."

Na zazzage buhun. Mai gari ya sa aka kira malamin firamaren garin ya karanta. Ya buɗe kaye na farko, an samu hekta biyu. Na biyu, ashirin. Na uku, ɗari uku. A na Sanusi kuwa gonar gaba ɗaya ba ta kai shimfiɗar tabarma biyu ba. Wani dattijo a bakin ƙofa ya ce in dai waɗannan ne masu awon gwamnati, to kowa ya kwana lafiya. Aka yi dariya, har liman. Ni dai ban taɓa godiya ga Allah da yara suka faɗi lissafi ba sai wannan ranar.

Amma ƴaƴan Ari ba su yi dariya ba. Sai Fanna ta nemi izini, ta karɓi kayenta, ta karanta abin da ta rubuta tun kafin a fito da igiya: "Na tambayi Baba ta wane ce gonar. Ya ce ta gidan Malam Ari ce, aro ce tun zamanin mahaifinsa, shi mai tsaro ne." Malamin firamare ya duba shafin ya ce haka yake a rubuce, kuma a saman lissafin yake.

Liman ya ce mai niyyar sayarwa ba ya faɗa wa masu saye sunan mai kaya. Malam Ari ya daɗe kansa a sunkuye. Da ya ɗago ya ce, "Na shaida a gaban jama'a, Kalla bai ci amana ba. Kalla, ka yafe mini zaton da na yi." Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ashe bai gama ba.

Ya ce, "Sai dai kwana bakwai ke nan gidana ba a yi wata magana ba sai wannan. Ina da ƴaƴa maza shida da gona biyu, uku sun dawo daga ci-rani hannu wofi. Shekara da shekaru ina danne maganar nan saboda nauyin iyayenmu. Yanzu ta fito, kuma ba zan iya mayar da ita ba. In na mutu a haka, wata rana da gaske wani zai ja igiya, kuma ba za a rabu lafiya ba."

Aka yi ta kai da kawo har la'asar. Na roƙa, liman ya roƙa. Hukuncin da mai gari ya yanke shi ne, tunda Kalla ya zuba taki, zai noma ta bana ya girbe, bayan kaka gona ta koma gidan Ari. Ba wanda ya ce an yi zalunci, don a ƙa'idar aro ba a yi ba.

Sanusi ya miƙe ba tare da an ba shi izini ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, itatuwan fa? Shi ya raine su."

Mai gari ya dube shi da tausayi ya ce, "Yaro, itacen da ke cikin gona na mai gona ne. Zauna."

Baba Kalla ya rako mu har bakin mota. Ya ce wa yaran kada su damu, sunansa ya wanku, kuma wannan ne babba. A hanyar dawowa ba wanda ya yi waƙa. Na waiwaya na ga Sanusi ya kifa fuska a gwiwa yana kuka, ba wanda ya tsokane shi.

Ajin nan bai koma yadda yake ba. Kalmar baƙauye ta mutu a bakinsu, ba tare da na hana ba. Da muka zo babin yawan jama'a da ƙarancin ƙasar noma, wanda a da nake karanta shi suna hamma, sai da na roƙe su su bar ni in yi magana. Suka riƙa zuwa da tambayoyin da ba ni da amsarsu: me ya sa ba a rubuta aro, in an rubuta wa zai amfana, ina mutum tara za su ci baɗi. Wasu suka koma gida suka tambayi iyayensu inda hatsin gidansu ke fitowa. Har lissafin hekta suka dage suka iya, don sun ce ba za su sake auna ƙasar mutum da wasa ba. Jarrabawa ta zo, mafi yawansu suka ci.

Da daminar shekara ta gaba ta zagayo na hau kabu-kabu na tafi ni kaɗai. Na tarar ana noman fari a gonar, ƴaƴan Ari a gaba, ƴan ƙodago huɗu a bayansu. Na uku a layin Baba Kalla ne, yana noman yini a ƙarƙashin gawon da ya raina. Na tsaya a bakin gamba na kasa ƙarasawa. Shi ya hango ni, ya jingine hauya ya taho yana share gumi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Yaran sun ci?"

Na ce, "Sun ci, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To bana yaushe za ka kawo wasu? Yanzu ne ya kamata su gani, hatsi ya fara tashi."

Na kawo su, kuma ban fasa ba har shekarar da Allah ya karɓi abinsa. Sai dai tun daga lokacin, mako guda kafin kowace fita nakan je ni kaɗai, ba jaka ba takarda, in zauna a zauren mai gari har sai an gaji da ni, in tambayi abin da ake yi da abin da ba a yi.

Don haka ku fitar da yaranku. Kada wahalar takardu ta hana ku, domin akwai ilimin da ba ya shiga ta ƙofar aji ko shekara nawa kuka yi kuna zane a tablo. Amma ku sani inda kuke kira wurin darasi gidan wasu ne da abincinsu. Mutanenmu ba sa iya ce wa baƙo a'a, balle baƙo mai hatimi, saboda haka tambayar a wuyanku take. Ku da yaran za ku hau mota da la'asar ku koma gida da abin da kuka koya. Mai masaukinku shi ne zai zauna da abin da kuka bari. Yara arba'in da biyu na ilimantar a wannan fita, kuma ban taɓa yin darasin da ya kama kamarsa ba. Gonar mutum tara aka biya da ita, kuma ba ni na biya ba.